Ranar da resista ta ƙone mini a kan eriya

Gidanmu a Tudun Wadan Zariya ba shi da fili. Daga bishiyar darbejiyar tsakar gida zuwa ƙarfen da na kafa a kan soro, mita 15 ne da ƙyar. Ni kuwa tun da na samu lasisin rediyon masu sha'awa da lambar kira mai farawa da 5N, burina in yi magana a kowane zangon rediyo, daga na mita 80 har na mita 10 (da tsawon igiyar rediyo ake kiran kowane zango), da waya ɗaya tak.

Rediyona wat 100 take bayarwa, amma sai in turjiyar eriyar da aka jona mata ta yi kusa da om 50. Da allurar SWR, mai nuna dacewar eriya da rediyo, ta haura 2, sai ta rage ƙarfinta don kare kanta. Wayar da na fara ɗaurawa a mita 20 kawai take yarda. Na'urar daidaita eriya kuwa kuɗinta ya fi ƙarfina a lokacin.

A nan na karkata ga eriyar da ake kira T2FD, wadda sojojin ruwan Amurka suka gwada a ƙarshen shekarun 1940. Waya biyu ne a jere, an haɗe bakunansu, kebul yana shiga ta tsakiyar ɗaya, resista, wato abin da ke rage gudun lantarki ya mai da shi zafi, tana zaune a tsakiyar ɗayar. Lissafin tsawonta a mita shi ne a raba 100 da mafi ƙanƙantar megahaz ɗin da ake son yin magana a kai. Na ɗauki megahaz 7, wato zangon mita 40, ya ba ni mita 14 da ɗoriya, tazarar wayoyin kuma kusan santimita 43. Na yanka gora na yi tokare, na naɗa balan mai 9:1, wato ɗan taransifoma mai daidaita eriya da kebul, da hannuna.

Resistar farko a Sabon Gari na samo ta, wurin masu gyaran rediyo: ƙatuwa, an cire ta daga wata tsohuwar na'ura. A mita 40 ta yi dama-dama, a mita 15 da 10 allura ta tashi sama. Da na fasa ta sai na ga waya ce aka nannaɗe a ciki. Irin wannan a rediyo naɗin waya ce kawai, kuma gwargwadon hawan megahaz, kamar a mita 15 da 10, gwargwadon ɓata lissafinta. Na koma na sayi ƙanana guda 20, kowace om 10,000 mai ɗaukar wat 2, na jera su kafaɗa da kafaɗa na like da dalma. Jimilla om 500, wat 40. Na cusa su a baƙin bututun roba na toshe bakin saboda ruwa.

Ranar da na gwada, na yi murna ƙwarai. Duk zangon da na murɗa, allura ba ta wuce 2 ba. Har a mita 80, inda eriyar ta yi gajarta sosai, 1.5 take nunawa. Na kwana uku ina kira a can, ba wanda ya amsa.

Wani dattijo a Samaru da ya daɗe a harkar nan, shi na kai wa kuka. Na ce, "Baba, ku duba, allura lafiya lau, amma shiru." Bai ce komai ba. Ya jawo wani gwangwani mai cike da mai, da resistar om 50 a ciki, ya jona a rediyonsa ya danna. Allura ta tsaya cak a 1. Ya ce, "Ɗana, wannan ma lafiya lau take nunawa. Wa zai ji ni da gwangwani?" Ya yi mini bayani cewa allurar abin da ya dawo kawai take aunawa. Ko ƙarfin ya tafi sama, ko ya zama zafi, duk ɗaya ne a wurinta. Ya ƙara da cewa in ka sa resistocin da ke cinye rabin ƙarfi a kan layi, ko babu eriya sam a ƙarshensa, allura ba za ta wuce 3 ba.

Ban gama gamsuwa ba sai da bazara ta shigo. Wata rana a Afrilu da azahar, na daɗe ina kira a mita 80, sai allura ta yi tsalle. Na sauko da eriyar: bututu ya lanƙwashe, resistoci sun yi baƙi ƙirin, dalma ta narke. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce resista ta iya ɗaukar kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin rediyo, amma wannan a zangunan da aka yi eriyar dominsu ne. Ni na tura mata mafi yawan wat 100, cikin baƙin bututu mara iska, a ranar Zariya.

Duk da haka ban yar da ita ba, don tana da amfaninta. Wajen sauraro ta fi duk wayar da na taɓa ɗaurawa natsuwa, musamman da hunturu, lokacin da busasshiyar iska da ƙura ke sa eriya ƙarar tas-tas. Daga mita 30 zuwa 10 kuma tana kai magana, da ita na yi hira da Italiya da Sifen. Na sake jera resistoci masu ɗaukar wat 80 a farin bututu, na huda ƙasansa don iska ta ratsa, na daina kira da ita ƙasa da megahaz 7, kamar a mita 80. A gefe kuma na ɗaura wata eriyar daban ta mita 20, waya mita 5 kowane ɓangare, babu resista ko ɗaya. Ita nake jonawa da yamma in zangon Turai ya buɗe.