Shaidu biyar, baki ɗaya

Lokacin da nake rubuta kundin kammala digiri, malamina ya shimfiɗa mini hotunan tsofaffin taswirorin Afirka guda biyar a kan tebur, ya ce in duba in gaya masa abin da na gani. Murna ta kama ni, don ga ƙasashenmu nan da irin rubutun Turawan da: Cano, Cassena, Zegzeg, Zanfara, Guber. Kano ke nan da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir. Akwai ta Abraham Ortelius da aka buga a Antwerp a 1570, akwai ta Joan Blaeu ta Amsterdam a 1662. Dukkansu sun ja kogin Kwara ya nufi yamma har ya faɗa Tekun Atlantika.

Na ce, "Malam, shaidu biyar ne, kuma bakinsu ɗaya."

Ya ce, "A cikinsu wa ya taɓa shan ruwan kogin nan?"

Babu ko ɗaya. Da na bi diddigi, sai na tarar sunayen nan daga littafin mutum ɗaya suka fito, Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus. An buga littafin a Venice a 1550, shi ma cewa ya yi kogin yamma yake gudu. Sauran duk kwafa ce. A wancan zamanin, a kan farantin tagulla ake sassaƙa taswira, a juye, aikin wata da watanni ne mai cin kuɗi, shi ya sa ba a yar da faranti, sai dai a gada ko a sayar. A 1629 Willem, mahaifin Joan, ya sayi faranti kusan 40 daga gidan Hondius, wasu masu buga taswira a Amsterdam. Kuskuren da aka sassaƙa sau ɗaya haka zai yi ta yawo daga hannu zuwa hannu.

Duk da haka ina ganin girman Ortelius. Ya jera sunayen masu taswira 87 a littafinsa, tamkar mai kawo isnadi. Amma wanda ya fi shiga raina d'Anville ne na Faransa. A taswirarsa ta 1749 ya share abin da ba shi da hujja a kai, ya bar wurare da yawa a tsakiyar Afirka fari fat. Sai a 1796 Mungo Park, wani Bature mai yawon bincike, ya tsaya a Segu, a ƙasar Mali ta yanzu, ya ga ruwan na tafiya gabas, abin da masuntan wurin suka sani tun kaka da kakanni.

Na koma kan kundina da jan biro. Shafi uku na soke a daren nan.