Taurari, Agogo da Faifan Bidiyo: Yadda Ake Auna Ɗan Wasan Sakandare a Ƙwallon Ƙafar Amurka

Aikin mai neman 'yan wasa a jami'o'in Amurka aiki ne na hange. Yana kallon yaro ɗan shekara 16 ko 17, yana ƙoƙarin gane yadda jikinsa da wasansa za su kasance idan ya kai 21. Samari wajen miliyan ɗaya ne ke buga wannan ƙwallo a makarantun sakandare, jami'o'in rukunin sama da ake kira FBS kuwa ba su wuce 130 da 'yan kai ba. Dole a tace, kuma da alƙaluma ake fara tacewar. Matsalar ita ce alƙaluman ba darajarsu ɗaya ba, kuma wanda bai tambayi inda lamba ta fito ba, ita za ta ɓatar da shi.

Mu fara da taurari, tunda su kowa ke fara dubawa. Kamfanoni irin su 247Sports, Rivals da ESPN suna ba yara maki daga tauraro biyu zuwa biyar. A tsarin 247Sports, yara 32 ne kawai ke samun tauraro biyar a shekara, daidai da yawan waɗanda ake ɗauka a zagayen farko na zaɓen sababbin 'yan wasa na NFL, babbar gasar ƙwararru. Masu tauraro huɗu 'yan ɗaruruwa ne, masu uku kuwa sun haura dubu. Daga nan ne wani kuskure da ake yawan maimaitawa ya samo asali: sai ka ji an ce masu tauraro uku sun fi yawa a NFL, don haka taurarin ba su da amfani. Ai dole su fi yawa, tunda tun farko sun ninka masu biyar sau da dama. Tambayar da ta dace ita ce, cikin kowane ɗari na wannan aji, nawa ne suka kai? Idan aka lissafa haka, mai tauraro biyar ya yi wa mai uku nisa ƙwarai.

Wani ɗan jarida, Bud Elliott, ya fito da ma'auni mai sauƙi a kan wannan: a duba yaran da jami'a ta ɗauka a shekaru huɗu na baya, a ga ko fiye da rabinsu masu tauraro huɗu ko biyar ne. Sama da shekara goma a jere, har zuwa kakar 2024 da Ohio State ta ci kofi, babu zakaran ƙasa da bai cika wannan sharaɗi ba. To amma wannan magana ce ta tarin mutane 80 ko fiye. Idan aka zo kan yaro ɗaya tilo, taurari kan yi kuskure babba. J.J. Watt tauraro biyu aka ba shi, ya fara a Central Michigan yana buga wani gurbi dabam, ya koma Wisconsin ba tare da tallafin karatu ba, aka mayar da shi layin tsaro, a zaɓen NFL na 2011 ƙungiyar Houston ta ɗauke shi na 11. Josh Allen ya gama sakandare a ƙaramin garin Firebaugh na Kalifoniya ba wata babbar jami'a da ta neme shi, sai da ya bi ta kwalejin Reedley sannan ya samu Wyoming, a 2018 Buffalo ta ɗauke shi na 7. Abin da ya haɗa irin waɗannan yara yawanci ɗaya ne cikin uku: jikinsu bai gama girma ba lokacin da aka auna su, ko suna buga gurbin da ba nasu ba, ko garinsu ya yi nisa da idon masu ba da maki.

Alƙaluman wasan sakandare su ne mafi rauni a duk abin da ke kan tebur. A jihar Teksas kaɗai, makarantu sun kasu daga rukunin 6A, inda ɗalibai ke haura dubu biyu, zuwa 1A, inda ake buga wasan mutum shida-shida saboda ƙarancin yara. Yadi 2,000 na gudu da ƙwallo a can da yadi 2,000 a nan ba abu ɗaya ba ne. Ga kuma wanda ya rubuta lambar: sau da yawa mataimakin koci ne ko wani mai sa kai a bakin fili, ba wanda ke bin bayansa. Kayar da abokin hamayya ne aka fi kumbura wa lissafi, domin duk wanda ya faɗa kan tarin mutane ana iya rubuta masa guda.

Sai shekaru, wanda ni a ganina shi ne abin da aka fi sakaci da shi. Wasu iyaye kan sa yaro ya maimaita aji da gangan domin ya gama sakandare yana ɗan 19. Irin wannan yana ture 'yan 16 kamar buhun ƙaiƙayi, faifansa ya yi kyau, amma ya riga ya kusa ƙarshen girmansa. Wanda ya yi rabin abin da wancan ya yi yana ɗan 17 da wata biyu, shi ne ke da sauran tafiya a gaba. Kafin a buɗe faifai, a fara duba ranar haihuwa.

Awon jiki ya fi aminci, in dai an san wanda ya riƙe agogon. Gudun yadi 40 shi ne sananne. Agogon hannu kusan kullum yana ba da lokaci ƙasa da na gaskiya, saboda mai riƙe da shi yana makara wajen dannawa a farko. A wasannin tsere akan ƙara kusan daƙiƙa 0.24 idan za a mayar da lokacin hannu zuwa na na'ura a gajeren gudu. Ke nan yaron da ya rubuta 4.4 a shafinsa yana iya zama ɗan 4.6. Domin a gane girman wannan, mafi sauri da aka taɓa yi a gwajin NFL shi ne 4.21 na Xavier Worthy a 2024. Shi ya sa ƙwararrun masu nema suke son yaron da ke tseren mita 100 a makarantarsa: na'ura ce ta auna, an rubuta ƙarfin iska, kuma ba kocinsa ne ya bayar da lambar ba. Wanda ya yi ƙasa da daƙiƙa 11 yana da gudu na gaske. Ga manyan 'yan layi kuwa, wato ƙartin da ke jerawa a gaba suna ture juna, jifan dalma da kokawa su ne shaidar: na farko yana nuna ƙarfin da ke tashi daga ƙugu, na biyu yana nuna iya amfani da hannu da tsayawa daram.

A layin hari, tsawon hannu yana da muhimmanci fiye da nauyi. Mai tsaron gefen layi ana so hannunsa ya kai inci 33 zuwa 34, domin wanda ya fara ɗora hannu a ƙirjin abokin karawarsa shi ke juya shi. Nauyi ana ƙara shi a ɗakin motsa jiki, hannu kuwa ba ya ƙara tsawo. Saboda haka yaro mai tsawon ƙafa 6 da inci 5, mai laba 255, faffaɗan kafaɗa, siririn ciki, ya fi wanda ya riga ya kai laba 330 yana ɗan 17 daraja. Na farkon za a gina shi. Na biyun sai an shekara ana rage masa kitse kafin a fara.

Duk wannan share fage ne, gani ya kori ji. Yaran kan ɗora zaɓaɓɓun wasanninsu a shafin bidiyo na Hudl, minti uku ko huɗu na abin da suka fi yi da kyau. Wannan ya isa a yanke hukuncin ko a ci gaba da dubawa, bai isa a ba da gurbi ba. A nemi cikakken wasa guda biyu ko uku, ɗaya daga ciki da ƙungiya mafi ƙarfi da suka haɗu da ita, kuma zai fi kyau a ce sun sha kashi a ranar. A kalli abin da yake yi idan ƙwallon ba ta zo wajensa ba, da yadda yake tashi bayan an kayar da shi, da ko ƙafarsa na nan da sauri a kashi na huɗu na wasan.

Bayan an sa hannu sai aikin ginawa, kuma nan ma akwai lissafi. Ɗan wasa yana da shekara biyar da zai buga kaka huɗu a cikinsu. Tun 2018 doka ta ba shi damar shiga wasa har huɗu a kakar da aka ajiye shi ba tare da ya rasa shekarar ba, don haka koci mai tsari kan zaɓi waɗannan wasanni da kyau maimakon ya ƙone su a watan Satumba. Lokacin kaka, awa 20 ne iyakar aikin dole a mako, bayan kaka kuma awa 8. Wannan ya yi kaɗan, shi ya sa yaron da ba ya kallon faifai da kansa yake tsayawa wuri ɗaya. Gurabe ma ba sa nuna da sauri ɗaya: mai gudu da ƙwallo ko mai cafke kan iya taimakawa tun shekarar farko, ɗan layin hari kuwa yawanci sai ta uku. Inda aka fi lalata yara shi ne gaggawar ƙara nauyi. Laba 10 zuwa 15 na tsoka a shekara ci gaba ne mai kyau; laba 40 cikin wata shida kitse ne, kuma gwiwa da saurin ƙafa ne za su biya.

Tun da aka buɗe rajistar sauya sheƙa a 2018, aka kuma yarda a 2021 ɗan wasa ya buga nan take a sabuwar makaranta, rabin aikin nema ya koma kan waɗanda suka riga suka buga a jami'a. Nan alƙaluma sun fi tsabta, amma akwai tarkuna. A lissafin NCAA, hukumar wasannin jami'o'i, idan aka kayar da kwatabak, wato mai jifa da ke jagorantar hari, kafin ya yi jifa, yadin da aka rasa daga gudunsa ake cirewa, saɓanin NFL. Wanda ya gudu yadi 600 aka kayar da shi aka rasa 200, za ka ga an rubuta 400. Sai an ware su kafin a san ko yana da ƙafa.

Matsakaicin yadi ma yana ruɗi. A ce mutum biyu kowanne ya ɗauki ƙwallo sau 10 ya ci yadi 50. Na farko yadi biyar-biyar ya yi ta ci. Na biyu sau tara yadi ɗai-ɗai, sau ɗaya 41. A takarda duk 5.0 ne, a fili kuwa na biyun ya kashe wa ƙungiyarsa hari sau da yawa. Ma'aunin nasarar wasa da ɗan jarida Bill Connelly ke amfani da shi yana raba su: cikin yunƙuri huɗu da ake ba ƙungiya ta ci yadi 10, a yunƙurin farko sai an ci rabin yadin da ake buƙata, a na biyu kashi 70 cikin 100, a na uku da na huɗu duka. Ga mai cafke, a raba yadinsa da yawan fitar da ya yi neman ƙwallo: 800 a fita 400 ya ba da 2.0, 600 a fita 200 ya ba da 3.0, kuma na biyun ne ya fi haɗari duk da jimlarsa ta fi ƙanƙanta. Ga mai farautar kwatabak, a ƙirga sau nawa ya matsa masa lamba, ba sau nawa ya kayar da shi kaɗai ba, domin kayarwa takwas na iya zama uku a kakar gaba ba tare da wasansa ya canza ba.

Kada kuma a manta kaka gajera ce, wasa 12 ne. A jifa 300, bambancin kashi 60 da kashi 65 cafkewa 15 ne kacal, abin da masu cafke biyu marasa hannu za su iya haddasawa. Josh Allen ya bar Wyoming da kashi 56 da ɗan ɗori, lambar da ta sa da yawa suka juya masa baya. Kafin a hukunta mai jifa, a duba nisan jifansa, da yawan ƙwallon da aka zubar masa, da kuma lokacin da layinsa ke ba shi.

Kuɗi ya ƙara wa kowane kuskure tsada. Tun Yulin 2021 'yan wasa ke karɓar kuɗin talla da sunansu, kuma bayan sulhun shari'ar House, ƙarar da 'yan wasa suka kai NCAA, a 2025, jami'a na iya raba wa 'yan wasanta kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko, aka kuma maye gurbin tsohon iyakar tallafin karatu 85 da iyakar mutum 105 a ƙungiya. Jami'ar da ba ta da aljihun manya, idan ta gano yaro ta gina shi shekara biyu, tana iya rasa shi a ta uku. Saboda haka a kowane Disamba sai ta zauna da jerin gurabenta ta yanke shawara: 'yan layi, da ke cin lokaci kuma suke tsada a kasuwar sauya sheƙa, a ɗauko su daga sakandare a ware kuɗin riƙe su tun kafin su fara haskawa, guraben da ake samun masu cike su da sauƙi, kamar mai gudu da ƙwallo, a bar su ga kasuwa.