Mun ɗora wa yaran kulliyar sana'a darasi a intanet

Yaranmu da ke koyon gyaran AC da wayarin a kulliyar sana'a nan Jidda sun dame ni da zancen wai bidiyon darasi na ɓacewa a guruf ɗin WhatsApp, yau an tura gobe hira ta binne shi. Shi ne na ce to bari mu kama hayar saba, wato kwamfutar da ke riƙe shafi a intanet, mu ɗora Moodle kawai, manhajar sa darasi a intanet.

Moodle kyauta ne, wani mutumin Ostireliya Martin Dougiamas ya fito da shi a 2002, kuɗin da za ka kashe na hostin ne, wato hayar sabar, da sunan shafi. Yana buƙatar PHP, yaren kwamfutar da aka rubuta shi da shi, da rumbun bayanai irin MariaDB, sai ka fitar da foldar moodledata, inda yake ajiye fayilolin da aka loda, daga inda kowa zai iya leƙawa, kuma don Allah kar ka manta da cron, mai tayar da ayyukan Moodle a kan lokaci, in ba ya gudu kowane minti saƙonni ba sa fita da wuri, kana zaune kana zagin kamfanin hostin alhali ba ruwansu. Takardar tsaro ta https kuwa Let's Encrypt na bayarwa kyauta.

Bidiyo dai ban yarda a loda shi kan ƙaramar saba ba, cika take yi nan da nan. Mu a YouTube muke sa shi a ɓoye, yadda sai mai linkin ke gani, mu manna linkin a darasi. Yawancin yaran da jawwal, wato wayar hannu, suke shiga, a mota ko bayan Isha'i, shi ya sa na ce wa malamin ya riƙa gutsura darasin ƙanana.

Walda kam sai an je wakshof, wallahi ba allon da zai koya maka riƙe tocila.