Minti Goma a Wani Lungu na Duniyar Mas

A shekarata ta biyu a makarantar koyon aikin jinya aka tura mu sashen gaggawa na makonni takwas. A daidai lokacin ne ƙungiyarmu ta marubuta ta ce kowa ya ajiye labarin soyayya da na kishiya, ya gwada ƙagaggen labarin kimiyya. Ni sai na ɗauki duniyar Mas.

Ga yadda na tsara shi. Wani kamfani ya kwashi ma'aikata ya kai su haƙar ƙanƙara a ƙarƙashin ƙasar Mas, don daga ita ake samun ruwan sha da iskar shaƙa. Hanyar dawowa gida kuwa ba kullum take buɗe ba, sai duniyarmu da Mas sun daidaita, kusan duk bayan wata 26. Sau biyu lokacin yana zuwa yana wucewa, kamfani bai mayar da kowa ba. Tura ta kai bango, ma'aikata suka yi bore. Jarumata mai gyaran famfo ce, yayanta yana cikin jagororin boren. A daren da rikici ya ɓarke ta tarar da wani mutum kwance a lungu, cinyarsa tana ambaliyar jini, kakin masu gadin kamfani a jikinsa.

A rubutun farko ta durƙusa tana hawaye, ta yage gefen rigarta ta naɗa masa, ta ɗura masa ruwa, sannan ta yi masa jawabi mai tsawon shafi guda a kan cewa duk 'yan Adam ɗaya ne. A ƙarshe shi ne ya cece ta daga kisa, na rufe da cewa alheri danƙo ne. Na ji daɗin kaina ƙwarai.

Wani dare da aiki ya lafa na miƙa wa Sistar da ke kula da mu wayata, na ce, "Sista, don Allah ku duba mini wannan." Ta gyara tabarau ta karanta har ƙarshe, ta miƙo mini. Ta ce, "'Yar nan, wannan mutumin naki ai tun a shafi na biyu ya rasu. Gawa take yi wa wa'azi."

Raina ya sosu, amma gaskiyarta ce, kuma abin kunyar shi ne duk an koya mana a aji. Jinin babban mutum kusan lita biyar ne kawai. In babbar jijiyar cinya ta tsinke, mintuna kaɗan sun isa. Tsumman da aka naɗa sako-sako ado ne kawai. Ana danne raunin ne da dukkan ƙarfi, in ƙyalle ya jiƙe a ɗora wani a kansa ba tare da an cire na farko ba. In hakan bai tsayar ba, a ɗaure ƙafar tamau daga saman raunin, ba a kan gaɓa ba, a murɗa har jinin ya tsaya ko da mutumin yana ihu, a rubuta lokacin da aka ɗaure. Ruwan da jarumata ta ɗura masa kuwa, wanda na sa don mai karatu ya ga tausayinta, yana iya shaƙe wanda hankalinsa ke gushewa, ya kuma kawo matsala in za a shiga da shi tiyata. Na ci jarrabawa da waɗannan, amma da na zo rubuta tausayi sai na koma rubuta abin da na saba gani a fim.

Bayan kwana huɗu aka kawo mana wani matashi da mota ta kaɗe. Wani direban A Daidaita Sahu ne ya ɗauko shi daga bakin titi, bai san ko sunansa ba. Ni aka sa danne raunin kafin likita ya iso. Ban yi minti biyu ba na ɗaga hannu don in ga ko jinin ya tsaya. Sista ta daka mini tsawa: "Wa ya ce ki ɗaga? Mayar!" Duk ɗagawa tana ɓalle ɗan gudan jinin da ya fara daskarewa, a koma farko. Na mayar. Kafaɗata ta yi tsami, ɗumin jinin yana ratsa safar hannuna, yaron yana kiran mahaifiyarsa. Ban faɗi kalma ɗaya mai ma'ana ba. Ban ma tuna na ji tausayinsa a lokacin ba, agogon bango kawai nake kallo. Sai da gari ya waye, ina wanke hannu, kukan ya zo.

Direban kuma ya fi tsaya mini a rai. Rigarsa sharkaf da jini, yana tsaye bakin ƙofa, kowa ya gifta sai ya tambaye shi ko 'yan sanda za su riƙe shi. Mutane da yawa sun taru a wurin haɗarin, in ji shi, wasu har da ɗaukar hoto, kuma kowa ya san dalilin da ya sa ake ja da baya: ka taimaka, ka kwana a ofishin 'yan sanda. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa, kuma a 2017 aka sa hannu a wata dokar da ta wajabta yi wa wanda aka harba magani ba tare da jiran rahoton 'yan sanda ba, ta kuma ce kada a wulaƙanta wanda ya kawo shi. To amma tsoro ya riga doka shiga zukata. Shi wannan bawan Allah bai san da wata doka ba. Yana tsoron, ya ɗauko shi. A nan na gane abin da jarumata ta rasa: ba ta tsoron komai, ba ta asarar komai. Na ba ta jarumtar da ba ta biya ko sisi ba.

Daga nan na koma karatu, wannan karon da yunwa. Na samu labarin Dominique Larrey, likitan tiyata a rundunar Napoleon, sarkin Faransa, wanda ya dage cewa a fara da wanda rauninsa ya fi muni, janar ne ko kurtu, nasu ne ko na abokan gaba. Tantancewar da muke yi yau a bakin sashen gaggawa jikar wannan tunanin ce. Na kuma karanta yaƙin Solferino na 24 ga Yunin 1859 a arewacin Italiya, inda aka bar dubban masu rauni a fili. Henri Dunant, ɗan kasuwa daga Jeniba, harkar gabansa ta kai shi yankin. Sunansa ne ya shahara, shi ya assasa abin da ya zama Red Cross a 1863, aka yi yarjejeniyar Jeniba ta farko, mai kare masu rauni a fagen yaƙi, a 1864. Amma ni matan Castiglione, wani gari da ke kusa da filin yaƙin, suka fi burge ni, waɗanda suka wanke raunin Bafaranshe da na ɗan Ostiriya ba bambanci, suna cewa duka 'yan'uwa ne. Kalmomi biyu ne a harshensu. Ni kuwa shafi guda na cika.

Akwai wani gwaji da aka yi a Princeton da ke Amurka, aka buga a 1973, wanda ya ɗan rage mini girman kai. An tura ɗaliban makarantar horar da limaman coci su je wani gini su yi jawabi, aka ajiye musu mutum a hanya yana tari kamar ba shi da lafiya. Cikin waɗanda aka ce musu akwai sauran lokaci, kashi 63 cikin ɗari sun tsaya. Cikin waɗanda aka ce sun makara, kashi 10 kacal. Ashe sauri kaɗai ya isa ya makantar da mutumin kirki. Ni ma na san sau nawa na gifta mara lafiya a baranda ina gudun kada in makara.

Sai na sake rubuta wurin daga tushe. Na sa jiniya tana kuka, don harsashi ya huda bango, iska tana zurarewa, kuma ƙofar lungun za ta rufe kanta. A waje matsin iskar Mas bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na tamu ba, kusan dukkanta ma ba ta shaƙuwa. Ba likitan da za a kira daga gida, saƙo yana cin minti 3 zuwa 22 kafin ya isa, amsa ma haka. Jarumata ta ga kakin, ta wuce shi. Taku shida ta yi, na ƙirga mata su ɗaya bayan ɗaya. Ta dawo tana zagin kanta. Ta sa gwiwa ta danne cinyar, ta zare bel ɗin jakar kayan aikinta ta ɗaure, ta murɗa da sifana. Ta rubuta lokacin a goshinsa da baƙin mai. Abin da ta ce masa duka bai wuce "Kada ka yi barci" ba. Ta ja shi har ƙofar ɗakin magani, abin da ya yiwu don nauyin abu a Mas kashi 38 ne cikin ɗari na nauyinsa a nan. Da ta koma wurin mutanenta, yayanta ya kalli hannayenta ya ce, "Jinin wa ke nan?" A nan na tsaya. Ba ta sake ganin mai gadin ba, ba ta san ko ya rayu ba.

'Yan ƙungiyarmu ba su so ƙarshen ba. Wata ta ce na cuci jarumar, ina sakayyarta? Na rasa amsar da zan ba ta, sai dai na tuna direban nan ya tafi da asuba ba wanda ya karɓi lambarsa, kuma ranar aikinsa ta tafi a wankin kujera.

Sista ta karanta sabon a tsaye, tana jiran a kawo mata fayil. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Sannan ta miƙo wayar ta ce, "Yanzu kam yana iya kaiwa safiya. Amma mai gyaran famfo ba ta rasa safar roba a jaka. Sa mata ita kafin ta taɓa jinin mutum."