Daga ina n − 1 ya fito?

Ɗalibai da yawa masu shirin WAEC da JAMB a nan Zariya sun haddace a + (n − 1)d, ƙa'idar jerin ƙari, wato AP (a ita ce lambar farko, d ƙarin da ake yi a kowane mataki, n kuma matsayin lambar da ake nema), amma ba su san dalilin cire 1 ɗin ba, kuma a nan maki ke zubewa.

A ce mai awara a Tudun Wada ta ajiye N500 a makon farko, kowane mako tana ƙara N200 a kan na baya: 500, 700, 900. Zuwa mako na 12 sau 11 kawai ta yi ƙari, domin makon farko babu ƙari a cikinsa. Ke nan 500 + 11 × 200 = N2,700. Wanda ya sa 12 zai sami N2,900, ya tsallaka zuwa mako na 13.

A kula da jeri mai raguwa. A 20, 17, 14, d ɗin −3 ne, ba 3 ba.

Shi kuwa jerin ninki, wato GP, rabawa ake yi don a sami r, adadin da ake ninkawa da shi a kowane mataki. A 3, 6, 12, 24, raba 6 da 3, r = 2. Ƙa'idarsa arⁿ⁻¹, don haka lamba ta 8 ita ce 3 × 2⁷. Fara fitar da 2⁷ tukuna, 128, sannan ka ninka sau 3, ka sami 384. Mai gaggawar da ya haɗa 3 × 2 ya koma 6⁷ zai ƙare da 279,936.