Laccocin hunturu da lambun da aka raba gida huɗu

Daga watan Nuwamba zuwa Maris, lokacin da sanyi ya hana kowa taɓa ƙasa a Ingila, ƙungiyar masu sha'awar lambu ta garin da nake zaune takan shirya lacca sau ɗaya a wata a kan tarihin lambuna da yadda ake tsara su. Yawancin mahalarta dattawa ne, kowa da ɗan littafinsa na rubutu, kuma a bakin ƙofa akwai teburin da ake jera irin furanni cikin ƙananan ambulan domin musaya. Na fara zuwa da tunanin da na taso da shi, cewa lambu wurin albasa ne da tumatir da latas, amma yau shekara uku ke nan ban bari lacca ko ɗaya ta wuce ni ba.

Bana da Faransa aka fara. André Le Nôtre ya soma tsara wa Sarki Louis na 14 lambun fadar Versailles a 1661, da hanyoyi miƙaƙƙu da maɓuɓɓugan ruwa masu yawan gaske, sai dai ruwan bai taɓa isa ba, har ma'aikata kan buɗe maɓuɓɓuga idan sarki ya doso, su rufe da zarar ya wuce. Lacca ta biyu ta kasance a kan Lancelot Brown, wanda ya rayu daga 1716 zuwa 1783, ya tsara filaye fiye da 170 a Ingila, yana datse rafi ya mai da shi tafki, kamar yadda ya yi a fadar Blenheim, ta yadda mai kallo zai zaci haka Allah ya halicci wurin. Na yaba gwanintarsu, amma duka biyun aikin masu ƙasa da dukiya ne, kuma bai ratsa ni ba.

Wadda ta tsaya mini a rai ita ce lacca ta uku, a kan tsarin da Farisawa ke kira chahar bagh, wato lambu huɗu. Ana kewaye fili da katanga, a ja magudanai biyu su gitta juna a tsakiya, filin ya rabu gida huɗu. Tushensa ya girmi Musulunci, domin an gano alamunsa a Pasargadae, birnin Sarki Cyrus, tun ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa, amma Musulmi sun ɗauke shi sun kai shi nesa, suna tuna ƙoramu huɗu na ruwa da madara da giya da zuma da aka ambata a Suratu Muhammad. Shi ne a gaban Taj Mahal, wanda aka fara ginawa a 1632, shi ne kuma a farfajiyar zakuna goma sha biyu ta fadar Alhamra a Andalus, cikin ƙasar Sifen ta yau. A nan ne na lura cewa kalmarmu ta aljanna asalinta a Larabci lambu take nufi, Firdausi kuma daga tsohuwar kalmar Farisa ce mai nufin wuri kewayayye. Mutanen da suka san ƙishirwa ne suka tsara wannan lambu, shi ya sa ba su yi almubazzaranci da ruwa ba. Siririyar magudana ta ishe su, muddin tana gudana ana jin sautinta a ƙarƙashin inuwa.

Da malamar da ta gabatar da laccar ta nuna hoton yadda ake ɗaga hanyoyin tafiya a bar wurin shuka a ƙasa, domin a buɗe ruwa ya kwanta a ciki, sai na ga fangalin kawuna mai noman rani a Kura, da yadda yake sa fartanya ya fasa bakin kunya, ruwa ya cika fangali ɗaya, ya toshe da laka ya buɗe na gaba. Ban ce wani ya koya daga wani ba, ƙarancin ruwa ne ya koya wa kowa. Bayan an tashi na yi mata wannan bayani, ta roƙe ni hoto domin laccar baɗi, kuma a daren na kira kawu na ce ya sa yaro ya ɗaukar mini da sassafe, lokacin ban ruwa.