Faso da man kaɗanyar Goggo

Hunturun bana ya ci mini dunduniya ba kaɗan ba. Kaushi ya fara na yi biris da shi, har faso ya buɗe a ƙafar dama. In na taka siminti da asuba zan yi alwala, zafin har tsakar ka nake jin sa. Ranar da na ga ɗigon jini a zanin gado na san abin ya wuce wasa.

Goggo ce ta gani da na je gaishe ta. Ta ce, "Ke 'yar nan, da wannan ƙafar kike yawo? Zauna." Ta sa aka kawo ruwan ɗumi a roba, na jiƙa kamar minti 15 har fatar ta yi laushi. Ta ɗauko dutsen goge kaushi ta bi gefe-gefe a hankali, ba ta taɓa bakin tsagar ba. Sai ta lakato man kaɗanya ta cusa cikin fason tun ƙafar da danshinta. Man ai danshi yake tsarewa, in fata ta bushe ƙayau me zai tsare? Ta ce in sa safa in kwana da ita, in kuma daina yawo da silifas cikin ƙura.

Kwana 10 ina yi kullum da dare, yanzu tsagar ta haɗe.

Masu yanke kaushi da reza, don Allah ku bari. Mai ciwon suga kuwa, in faso ya yi jini ko ya kumbura, asibiti zai nufa, domin ciwon ƙafarsa ba ya saurin warkewa.